NAZARI: Bayan ƙarewar wa'adin Windows 10, wace babbar manhaja ce ta dace da kwamfutocin Funtuwa da Malumfashi?

Ranar 14 ga Oktoban 2025, daidai lokacin da manoman kudancin Jihar Katsina suka duƙufa wajen girbin masara da waken suya, kamfanin Microsoft na Amurka ya daina kula da Windows 10, babbar manhajar da ya fitar tun shekarar 2015. Babu kwamfutar da ta mutu a wannan rana. Shagunan buga takardu sun buɗe kamar kullum, malaman makaranta sun shigar da sakamakon ɗalibai, dillalan hatsi sun rubuta lissafinsu. Abin da ya tsaya shi ne gyaran tsaro da kamfanin ke turo wa kwamfutoci kyauta kowane wata domin toshe kafofin da masu kutse ke bi.

A biranen Turai da Amurka, maganar ta taƙaita ne kan sayen sabuwar na'ura. A Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ƙafur kuwa, inda akasarin kwamfutocin da ake aiki da su na hannu ne, waɗanda suka biyo ta kasuwar Ikeja a Legas ko titin Beirut a Kano, tambayar ta fi haka nauyi. Shin za a zubar da na'urorin da ke aiki lafiya lau? Za a ci gaba da amfani da su ba tare da kariya ba? Ko kuwa za a sauya musu babbar manhaja, kuma idan za a sauya, wacce za a ɗauka?

Inda gizo ke saƙa

Babbar manhaja ita ce ginshiƙin da sauran manhajoji ke hawa a kai. Ita ke haɗa allon rubutu da firinta da rumbun ajiya da intanet. Idan ta samu tsaga, duk abin da ke kanta ya shiga haɗari, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duniya ta ga misalin haka a watan Mayun 2017, lokacin da muguwar manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har ta durƙusar da ayyuka a wasu asibitocin Ingila. Kafar da ta bi, Microsoft ya riga ya fitar da abin toshe ta watanni biyu kafin nan. Waɗanda abin ya rutsa da su su ne waɗanda gyaran bai iso kan na'urorinsu ba.

Mafitar da kamfanin ya shata ita ce komawa Windows 11. Sai dai wannan tana da sharuɗɗa. Tana buƙatar ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyara ke kira ram, ta aƙalla gigabayit 4, da rumbun ajiya na gigabayit 64, da wata 'yar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, sannan injin kwamfutar ya kasance cikin jerin da kamfanin ya amince da su. A ɓangaren Intel, jerin ya fara ne galibi daga zubi na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017. Tsofaffin HP da Dell da Lenovo da suka cika shagunan yankin, da yawansu sun girmi wannan iyaka.

Masu gyara sun san dabarun tsallake sharuɗɗan su ɗora Windows 11 a kan tsohuwar na'ura. Amma Microsoft ya bayyana ƙarara cewa irin wannan kwamfuta ba ta da tabbacin samun gyaran tsaro nan gaba. Wanda ya bi wannan hanya ya ɗage matsalar ne kawai zuwa wata rana da bai sani ba.

Akwai kuma ƙarin wa'adi na kuɗi. Mai kwamfutar gida zai iya samun shekara guda, zuwa 13 ga Oktoban 2026, a kan dala 30, ko kuma kyauta idan ya haɗa na'urarsa da asusun Microsoft ya ajiye saitunansa a can. Kamfanoni da ma'aikatu kuwa, dala 61 ce kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuma kuɗin na ninkawa a kowace shekara har tsawon shekara uku. A canjin ƙarshen 2025, wanda ya kusa naira 1,500 kan dala guda, dala 61 ta tasam ma naira 90,000. Cibiyar da ke da kwamfutoci 250, adadin da hukumar JAMB ta saba nema a ɗakin jarrabawa, za ta fuskanci lissafin da ya haura naira miliyan 22 a shekara ɗaya idan da wannan farashi za a caje ta. Ga kuma wani sharaɗi da ba a cika faɗa ba: ƙarin wa'adin na mai lasisin gaskiya ne. Kwafin da aka ɗora a kasuwa ba tare da lasisi ba, wanda kowa ya san ya zama ruwan dare, ba ya cikin lissafi.

Yanayin da na'urar za ta zauna

Kafin a ambaci sunan kowace manhaja, ya kamata a dubi ƙasar da za a shuka ta. Abubuwa uku ne suka bambanta wannan yanki da inda ake ƙera kwamfutoci.

Na farko shi ne sadarwa. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari da Ɗandume da Sabuwa. Sai a watan Disamba aka fara maido da su. Duk wani aiki da ya rataya kan intanet a wancan lokaci ya tsaya cak. Wannan darasi ne ga mai zaɓen manhaja. Windows 11 ta masu amfanin gida tana neman intanet da asusun Microsoft tun daga saitin farko. ChromeOS Flex na kamfanin Google, wanda ake tallatawa a matsayin mai farfaɗo da tsofaffin na'urori, ya fi ta dogaro da intanet. Ga kuma tsadar data, tun bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari kan kuɗin kira da na data a watan Janairun 2025.

Na biyu shi ne wuta. Yankin na ƙarƙashin kamfanin KEDCO, kuma ba a manta da duhun da ya lulluɓe mafi yawan Arewa na fiye da mako guda a watan Oktoban 2024 ba. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kowace sa'a da janareta ya yi yana kugi kuɗi ne ke ƙonewa. Manhajar da za ta tsaya tana sabunta kanta na rabin sa'a alhali kwastomomi na kan layi, asara ce da mai shago ke ji a aljihunsa.

Na uku shi ne darajar naira. A farkon 2023 ana samun dala a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati. Yau ta ninka haka sau uku. Lasisin Windows 11 na gida dala 139 ne a wurin kamfanin, na ma'aikata kuma dala 199. Sau da yawa wannan ya kai ko ya zarce kuɗin ita kanta kwamfutar ta hannu.

Linux da rassansa

A nan ne sunan Linux ke shigowa. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara shi a 1991, kuma an sake shi ga duniya kyauta: kowa na da damar kwafa da gyarawa da rabawa. Ba baƙo ba ne a Funtuwa ko da ba a san sunansa ba, domin duk wayar Android a kan tushensa take. Tun daga ƙarshen 2017, manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk da shi suke aiki.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne Linux ba ya zuwa a sunƙi ɗaya. Ƙungiyoyi da kamfanoni daban-daban kan ɗauki tushen su haɗa shi da manhajojin da suka zaɓa, su ba shi suna. Irin waɗannan rassa sun kai ɗaruruwa. Manomin yankin ba zai ga abin mamaki a nan ba. Masara sunanta masara, amma cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar da ire-iren SAMMAZ da dama, wani mai saurin nuna, wani mai jure fari, wani mai jure wuta-wuta. Manomi ba ya tambayar wane iri ya fi kowane suna. Yakan tambayi wanda zai kai shi kaka a gonarsa da ruwan da yake samu.

Tambayoyi uku ne ke tace zaɓi. Shekara nawa masu reshen suka yi alƙawarin kula da shi? Na'urar da ake da ita za ta iya ɗaukarsa? Idan ya samu matsala, akwai wanda ya san shi a kusa?

Da wannan ma'auni, jerin ɗaruruwan nan yakan ragu zuwa kaɗan. Ubuntu, wanda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya assasa a 2004, yana fitar da zubi mai dogon wa'adi a watan Afrilun kowace shekara biyu, kuma ana kula da kowane zubi shekara biyar. Na 24.04 zai kai 2029. Linux Mint 22, wanda aka gina a kan wannan Ubuntu, shi ma zai kai 2029, kuma fuskarsa ta yi kama da ta Windows: ga maɓallin farawa a kusurwar hagu, ga jerin manhajoji. Yana tashi a kan ram na gigabayit 2, ko da yake ya fi sakewa a kan 4, kuma yana da sigar Xfce mai sauƙin nauyi domin na'urorin da suka kwana biyu. Debian, wanda ya fara tun 1993, ba mallakar wani kamfani ba ne, dubban masu sa kai ne ke riƙe da shi. Zubinsa na 13 ya fito a watan Agustan 2025. An san shi da rashin gaggawa da rashin yawan sauye-sauye.

Akwai rassa masu kyau da ba su dace da wannan yanayi ba. Fedora, alal misali, kowane zubinsa wata 13 kacal ake kula da shi. Wannan ya yi wa mai koyon fasaha daidai, amma makarantar da mai gyara ke leƙa ta sau ɗaya a zango ba ta da halin sauya babbar manhaja kowace shekara.

Abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba

Masu kishin Linux kan yi saurin cewa kowa ya koma. Gaskiyar aiki ba ta yarda da wannan ba. CorelDRAW, wanda da shi ake zana katin biki da fastar 'yan siyasa da kalandar Islamiyya, ba ya aiki a kan Linux. Akwai Inkscape da ke irin aikinsa, amma mai zanen da ya shekara goma hannunsa ya saba, kuma maɗaba'ar da yake kai wa aiki ba ta karɓar wani fayil sai na Corel, ba za a ce ya sauya cikin dare ɗaya ba. Haka nan na'urorin ɗaukar hoton yatsa da manhajojin rajista na hukumomi, da yawansu don Windows aka yi su.

Cibiyoyin jarrabawa ma sai da taka-tsantsan. JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ta fara da masu zaman kansu a 2024, kuma a 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da burin mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta daga 2026. Ko an cimma wannan wa'adi ko an ɗage shi, alƙiblar a bayyane take, kuma makarantun yankin za su buƙaci kwamfutoci fiye da yadda suke da su. Amma hukumar jarrabawa ce ke gindaya sharaɗin abin da za a ɗora a kan na'urar ɗakin jarrabawa. Mai cibiyar da ya sauya ba tare da izini a rubuce ba yana wasa da rajistarsa.

A ɗaya ɓangaren, mafi yawan ayyukan yau da kullum ba su damu da wace babbar manhaja ce a ƙasa ba. Buga wasiƙa da lissafin buhunan taki da rajistar mambobin ƙungiyar manoma, LibreOffice na yin su, kuma yana buɗe fayilolin Word da Excel, sai dai takarda mai ado da yawa kan ɗan jirkice. Duba sakamako da cike fom da biyan kuɗi ta shafukan hukumomi, Firefox ko Chrome sun wadatar. Firintocin HP da suka fi yawa a shaguna suna da goyon baya mai kyau a Linux. Akwai kuma tsarin allon rubutun Hausa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ a cikinsa tun asali.

Hanyar da ta fi kusa da hankali ita ce raba aiki. Shagon da ke da kwamfutoci shida zai iya barin ɗaya ko biyu a kan Windows mai lasisi domin zane da rajista, ya mayar da sauran kan Linux Mint. Wadda dole ta zauna a kan Windows 10 saboda wata manhaja, a raba ta da intanet, a kuma hana soka mata kowace filash da kwastoma ya zo da ita. Kafin a taɓa komai, ana iya tayar da Linux daga filash a gwada firinta da sauti da intanet ba tare da an goge abin da ke kan na'urar ba. Sauya tsohon rumbun ajiya da na zamani, wanda ake kira SSD, ya fi kowace dabara ƙara wa tsohuwar kwamfuta sauri.

Uwar garke: inda kuskure ya fi tsada

Maganar ta fi tsanani idan aka zo kan uwar garke, wato babbar kwamfutar da sauran ke ɗibar bayanai daga gare ta. Yankin na ƙara samun wuraren da ke buƙatarta: manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi, makarantun gaba da sakandare, masana'antun gurzar auduga, rumbunan hatsi, da tashar tsandauri ta Funtuwa da aka ƙaddamar a watan Mayun 2024. Kwamfutar tebur idan ta lalace, aikin mutum ɗaya ne ya tsaya. Uwar garke idan ta faɗi, bayanan marasa lafiya ko lissafin kakar bana gaba ɗaya ke cikin haɗari. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su.

A nan, kyawun fuska ba shi da amfani. Dogon wa'adi da riƙon alƙawari ake nema. Abin da ya faru da CentOS ya isa izina. Shekaru da dama ma'aikatu a faɗin duniya sun dogara da shi saboda kyauta ne kuma ana kula da kowane zubi kusan shekara goma. A watan Disambar 2020 kamfanin Red Hat ya sanar da cewa zubi na 8, wanda ake sa ran zai kai 2029, zai ƙare a ƙarshen 2021. Na 7 ya bi bayansa ranar 30 ga Yunin 2024. Daga wannan girgiza aka samu Rocky Linux da AlmaLinux. Darasin shi ne kyauta kaɗai ba ta isa hujja ba, sai an san wa ke riƙe da ragamar reshen da kuma abin da zai sa ya sauya ra'ayi.

Ga ƙaramar cibiya a wannan yanki, Debian ko Ubuntu mai dogon wa'adi sun fi sauƙin karewa. Suna aiki a kan na'ura mai matsakaicin ƙarfi da batirin sola zai iya riƙewa. Bayanin warware matsalolinsu ya fi yawa. Manhajar DHIS2 da Najeriya ke tattara alƙaluman lafiya da ita, a kan Ubuntu aka fi girka uwar garkenta. Makarantar da ba ta da intanet za ta iya ɗora Kolibri ko Kiwix a kan kwamfuta ɗaya, ɗalibai su riƙa karanta darussa da Wikipedia, har da ta Hausa, ta hanyar layin cikin gida. Kwamfuta guda kuma na iya sauko da gyaran tsaro sau ɗaya ta raba wa saura, data ta yi auki. Masu Windows Server 2016 su ma agogonsu na tafiya, domin wa'adinta zai ƙare a watan Janairun 2027.

Ko wace aka zaɓa, ba ta maye gurbin ajiye kwafin bayanai a wani rumbu daban da ke wani gini daban. Tsawa da gobara da ɓarawo ba su san sunan manhaja ba.

Giɓin da ya fi na'ura girma

Tarihin irin wannan sauyi ya nuna cewa mutane ne ke sa shi ya tsaya ko ya rushe. Birnin Munik na Jamus ya kwashe shekaru yana mayar da dubban kwamfutocinsa kan Linux, sannan majalisarsa ta yanke shawarar komawa Windows a 2017. Jihar Kerala ta Indiya kuwa ta ɗore da manhajoji na kyauta a makarantun gwamnati kusan shekara ashirin, saboda ta kafa hukuma ta musamman da ke horar da malamai. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da shirin sauya kwamfutoci kusan 30,000, kuma mataki-mataki take tafiya, ta fara da manhajar ofis kafin babbar manhaja. A gida Najeriya, an taɓa fitar da Wazobia Linux a tsakiyar shekarun 2000 da niyyar kawo Hausa da Yarabanci da Ibo kan kwamfuta. Niyyar ta yi kyau, amma yau ba a jin ɗuriyarsa. Ƙirƙirar reshe abu ne mai sauƙi, riƙe shi shekara goma shi ne aiki.

Wannan ne ya sa babban ƙalubalen Funtuwa da Malumfashi yake a teburin mai gyara. Matashin da ya koyi aiki a shago ya ƙware a abu ɗaya: idan kwamfuta ta rikice, a goge a sake ɗora Windows. Idan aka kai masa Linux bai san shi ba, abin da zai yi ke nan, kuma ba laifinsa ba ne. Makarantar da aka sauya wa manhaja aka tafi aka bar ta, cikin zango ɗaya za ta koma gidan jiya.

Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa hukumar fasahar sadarwa ta jiha, gwamnatin tarayya kuma na da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku. Aikin da ke gabansu a wannan fanni ba mai tsada ba ne. A ƙirga kwamfutocin makarantu da asibitoci da sakatariyoyin ƙananan hukumomi 11 na shiyyar Funtuwa, a ware masu iya ɗaukar Windows 11 da waɗanda ba za su iya ba. A tsayar da reshe ɗaya na tebur da ɗaya na uwar garke domin horo ya zama bai ɗaya. A horar da masu gyara na kasuwa, waɗanda su ne jama'a ke zuwa wurinsu, tare da malaman kwamfuta na makarantu. A kuma rubuta a kowace kwangilar sayen na'ura shekarar da wa'adin manhajarta zai ƙare da wanda zai kula da ita har zuwa lokacin. Jami'ar Ahmadu Bello da ke maƙwabtaka a Zariya da jami'o'in jihar na da ɗaliban da za su iya wannan aiki a lokacin koyon sana'arsu.

Ƙarin wa'adin masu kwamfutar gida zai ƙare a Oktoban 2026, lokacin da wata kakar za ta sake kamawa. Masu shaguna da shugabannin makarantu da jami'an asibiti na da 'yan watanni su gwada, su tantance, su koya wa ma'aikatansu. Ba a fafe gora ranar tafiya.